Alawayyon da Goggo Dija ta ce kada a yanka

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan wannan labari ni ne. Ba maƙwabcina ba, ba abokin sana'a ba, ni ɗin nan Idi Tela na bakin kasuwar Magariya, wanda ya yi lakwal, makarantar boko, har ya kusa ƙarewa, sai mushe, malaminmu, ya gaya wa babana cewa kaina ɗaki ne mai kyau amma har yanzu ba a tare a ciki ba. Na rubuta shi ne don ku, yaran yanzu, masu taka keken lantarki da ɗan yatsa, ido na kan waya, kuna cewa ɗinki ai zama ne a inuwa. To, ku gyara zama a inuwar.

Aikin farko da maigidana Sanda ya ba ni shi ne hura gawayin dutsen guga. Ba keke, ba allura. In zuba garwashi, in rufe, in yi ta lilo da shi a hannu har ya ɗau zafi, in gwada a kan tsumma kafin ya taɓa kayan mutane. Ranar da toka ta zubo a kan farar rigar wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan na iyaka, ranar na san Sanda ya iya Faransanci, don duk zagin da ya yi mini da shi ya yi, saboda mai rigar ya ji daɗi. Daga guga aka ƙara mini girma zuwa maɓalli, daga maɓalli zuwa kalmasa ƙafar wando da hannu. Keke kuwa na daɗe ina share shi, ina ɗiga masa mai, ina ɗinke igiyarsa in ta tsinke, kafin a bar ni in hau. Shi ma ba zare, a kan takardar buhun siminti, in yi ta huda layi har ya miƙe. Almakashi ne na ƙarshe. Sanda ba ya barin sa a tebur, ko sallah zai yi sai ya ajiye shi gaban tabarma. Yakan ce, "Idi, abin da keke ya ɓata ana warwarewa. Abin da wannan ya ɓata, sai dai ka je ka ba mai kaya haƙuri."

Wata riga da na ɗinka wa wani Alhaji mai sayen gyaɗa ita ta koya mini sauran sana'ar. Ya zo ya ce babbar riga yake so, mai sauƙi, kamar ta kowa. Na yi masa kamar ta kowa. Ya karɓa, ya juya ta, ya laluba ciki, ya ajiye, ya fita abinsa. Sanda ya daka mini tsawa.

"Mutumin da ke ƙetara iyaka kowane mako ta gaban 'yan duwan, ka yi masa riga ba aljihun ciki?"

"Maigida, ai bai ce ba."

"Zai ce ne? A gaban mutane?"

Daga ranar na san mai kaya ba ya faɗin abin da yake so. Mace ba a sa mata igiyar awo, da ido za ka auna, idon kuma a ƙasa. Magidancin da ya rame ba zai ce a rage masa wando ba, zai ce zariya ce ta saki. Matar da ta samu ciki ba za ta ce a ƙara faɗi ba, za ta ce wancan telan ya matse ta. Na koyi duk wannan, na ƙware, na buɗe shagona da benci a ƙofa, har ina koya wa wasu. Ku riƙe wannan, don ku san wautar da ke tafe ba ta rashin sani ba ce.

Shekarun gyaɗa sun yi wa tela daɗi. In kaka ta yi, manomi ya sayar, kafin ya koma ƙauye sai ya biyo ta shagona da yadin matarsa a kafaɗa, ya ce a yi mata irin ta matar maƙwabcinsa, amma a fi. Ma'aikatan gwamnati na son kaki mai layin guga da zai yanka hannu. 'Yan ƙetara iyaka na kawo sabon yayi daga Kano, su tsaya a kaina sai na kwaikwaya. Kusa da Sallah ƙafata takan kumbura don taka keke, in ɗaure ta da tsumma in ci gaba. A lokacin har ina zaɓen wanda zan yi wa aiki.

Sai fari ya zo, ya kai mu har bazarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Gero bai kai gwiwa ba ya bushe. Shanu suka yi ta faɗuwa a bakin rijiyoyi. Mutanen ƙauye, daga Yekuwa, daga Mallawa, daga rugagen wajen Dungas, suka yi ta shigowa gari, wasu a ƙafa, wasu a amalanke, suka kafa bukkokin kara da kwali a bayan kasuwa, can inda ake zubar da shara. Magariya ba ta taɓa ganin unguwa ta tsiro da sauri haka ba. Wanda ba shi da abin ci ba ya ɗinka riga. Na wuni ina korar ƙuda a kan keke, har na fara tambayar yadda ake sayen irinsa a hayin iyaka.

Wadda ta hana ni sayar da keken ita ce Malama Saratu. Bahaushiya ce, Kirista, daga can yamma wajen Maradi. Mijinta ya rasu, ta daɗe tana aikin jinya a asibitin mishan. 'Yan mishan suka turo ta da tukwanen kunu, da madarar gari, da akwatin magani, ta kama wani gida kusa da bukkokin. Ita da 'yan Kiristan garin, waɗanda ba su cika ɗaki ɗaya ba, a nan suke addu'arsu ran Lahadi, sauran ranaku kuma su dama kunu. Ta tsaya a ƙofar shagona ta ce, "Kai ne Idi? An ce ka iya ɗinki, an kuma ce ka iya surutu. Na farkon nake so."

Na ce, "Malama, tare ake sayar da su."

A gari an yi ta magana a kan kunun nan. Wasu suka ce duk wanda ya sha, ƙafarsa ba ta sake kai shi masallaci. Ni, a matsayina na mai bincike, na je na sha kwano guda a gaban jama'a, na wuce na yi la'asar a sahun gaba don a gani. Abin da na tarar shi ne, takan yi addu'arta a kan tukunya a hankali kafin a fara rabo, masu karɓa kuma kowa ya yi bisimillarsa. Kunu dai kunu ne, sai dai bai ji tsamiya ba, na kuwa gaya mata.

Dilar gwanjo ta farko da kamyo, babbar motar kaya, ya sauke daga Damagaram, da muka kwance ta, sai ga rigunan sanyi na ƙasar Turawa, masu gashi a wuya, masu nauyin ɗan akuya, a tsakiyar bazara. Akwai wandunan mata. Akwai wasu 'yan abubuwa masu igiya da har yau ban san ta inda ake shiga ba. Aikina in mai da su abin da mutum zai sa bai zama abin kallo ba. Rigar Bature guda sai in farke ta, in cire shafin ciki in yi wa yara taguwa, ƙaton bayan ya zama majanyi, hannuwan in ɗinke bakinsu su zama jakar karɓar hatsi. Allurar da na karya a kan waɗannan kaya, Allah kaɗai ya san yawanta.

In rana ta take, Malama takan zauna a bencin shago ta buɗe wani littafin labari na mishan da aka juya da Hausa, na wani fasto a babban birnin Turawa da ke bin unguwar matalauta yana taimako. Na ara na karanta, da yatsa, layi-layi. Na yi mamaki, ashe Turawa ma suna da nasu matsiyatan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne matsiyatan littafin ba su da kunya ko kaɗan. Su buga ƙofa, su ce ga abin da ke damunsu, a ba su, su yi kuka, su yi godiya shafi guda.

Na ce, "Malama, da namu haka suke da aiki ya yi sauƙi."

Ta ce, "Namu sai ka bi su har ɗaki, ka kuma yi kamar ba ka gani ba."

Bayan gwanjo sai aka fara aiko da alawayyo, farin yadi sabo, a naɗe bandir-bandir. Da farko Malama yagewa take yi tana ba mutane su kai inda suke so. Ba a daɗe ba na fara ganin yadinmu a kasuwa, yana sauya hannu a bayan rumfuna. Ni kuwa mai ido, mai lakwal, na je na zauna na ba da shawara: "Malama, ana cin amanar mishan. Daga yau kada a ba kowa yadi. A yanka, a ɗinka, a ba shi riga. Ɗinkakkiyar riga ba ta da kasuwa." Ba ta so ba. Amma Baturen da ke zuwa daga Damagaram duba aiki ya ji shawarar, ya dafa kafaɗata, ya ce ni mutum ne mai tsari. Na yi kwana da kwanaki ina maimaita wannan magana ga duk wanda ya tsaya gaisuwa. Ta zama doka, alawayyo ya koma ƙarƙashin teburina, ni ke da iko da shi.

A nan Goggo Dija ta shigo. Tsohuwar Bafulatana ce daga wata ruga wajen Mallawa, doguwa, ƙashi da fata, amma tana tafiya kamar har yanzu ƙwaryar nono na kanta. Ita da mijinta Buba sun yi noma sun yi kiwo, fari ya cinye duka. Ni kuwa kakana Babarbare ne, kun kuma san tsakaninmu da Fulani: ba gaisuwa sai tsiya, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa.

Bari in gaya muku tun yanzu abin da ni ban gane ba a lokacin. Buba yana kwance a bukka, ajali ya kusa, likkafani take nema masa. A bayan kasuwa an fara rufe mutane a cikin tabarma da buhun hatsi, ita kuwa ta ƙudura mijinta ba zai tafi a buhu ba. Ba kuma za ta faɗa ba. Bafulatana ko sunan miji ba ta kira, balle ta tsaya a shagon tela ta ambaci mutuwarsa yana numfashi.

"Sannu, baiwata," na ce. "Ina shanun?"

"Sun tafi neman Babarbare mai hankali. Har yau ba su dawo ba."

Masu zaman benci suka fashe da dariya. Ta jira suka gama, ta nuna ƙarƙashin tebur da haɓa.

"Farin can. Ka auna mini tsawon mutum, ka ninka, ka ƙara. Kada ka yi masa komai."

"Na wa?"

"Na mai bukkarmu."

"Shi ba shi da ƙafa ne?"

"Yana kwance."

"Ya jikin?"

"Da sauƙi."

"To ki kawo tsohuwar rigarsa in gwada, in yi masa sabuwa."

"Ban ce riga ba, bawan nan. Kunnen ma na Barebari ne?"

"Goggo, na san ku. Ki karɓa yau, jibi in gan shi a Najeriya, ke kuma kina tauna goro."

Ta dube ni, ta dubi mutanen benci, ita ma ta yi dariya, ta tafi. Na ce a raina na kama ɓarauniya cikin raha, ba wanda ya ji ciwo.

Ta dawo, ta kuma dawowa. Kullum sai ta tarar da benci cike, kullum ni ke fara tsokana, ita kuma dole ta rama, don wanda aka jefa da wasa a gaban mutane ba ya amsawa da kuka. Zuwanta na ƙarshe ta zo da abu a ƙunshe cikin tsumma. Ƙwarya ce mai zane, ta aurenta, ta yi baƙi don tsufa da mai. Ta ajiye ta a kan keke.

"Ba kyauta nake so ba. Ka riƙe wannan, ka ba ni farin."

Likkafani, in da hali, mutum yana so ya fito daga abin hannunsa. Wannan ma na sani, tun ina yaro na sani. Amma me na ce? "Ƙwarya ba nono? Ki kai wa Barebarin da ba su waye ba." Na tura mata abarta. Sannan na yi abin da na ɗauka alheri ne. Na ce, "Tsohon naki, ina ya kai a tsawo?" Ta ɗaga hannu ta taɓa saman ƙofar shago.

"Ki dawo jibi," na ce. "Za ki sha mamaki."

Ta tsaya tana dubana, ta ce, "Allah ya kai mu." Ranar ba ta zage ni ba.

Alawayyon da ya rage a bandir na ƙarshe ke nan, kamyo kuma ba a san ranar zuwansa ba. Na shimfiɗa shi a tebur, na ja alli, na sa almakashi. Ban taɓa yi wa ɗan duwan ko Alhaji aikin da na yi wa Buba ba. Na fitar da wuya, na yi masa linzami da zaren da na ɓoye tun shekarun gyaɗa, na sa hannuwa masu faɗi, na bi kowane ɗinki na maimaita don kada ya taɓa saki. Guntayen da suka rage na yi wa jarirai 'yan riguna. Na goge ta, na rataye inda kowa zai gani. So nake Bafulatana ta buɗe baki ta yabi Babarbare a gaban shaidu.

Da hantsi, ranar da muka yi da ita, ba Goggo ce ta zo ba. Malama Saratu ce, da sauri, akwatin magani a hannu.

"Idi, ina sauran farin nan?"

Na nuna mata rigar da hannu biyu kamar mai gabatar da ango.

Ta tsaya tana kallo. "Duka?"

"Duka, Malama. Dubi wuyan."

"Mijin Dija ya cika da asuba. Daga bukkarsu nake. Ta ce tela ya yi mata alkawari yau, shi ake jira."

"Ai ba ta ce..."

"Sauko da ita. Warware."

Ku da kuke cewa ɗinki ba wuya, ku gwada warware aikin da kuka yi da niyyar kada ya taɓa warwarewa. Ni da reza, ita da allura, muna tsinke zare ɗaya-ɗaya. Linzamin nan ya ƙi fita sai da ya tafi da jikin yadin. Da muka gama muka shimfiɗa: ga gaba da baya da ramin wuya a tsakiya, ga hannuwa a gefe, babu guda da zai rufe dogon mutum daga kai zuwa ƙafa. Na ruga wurin masu yadi. Na farko ya ce ya ƙare tun makon jiya. Na gaba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Idi, a wannan shekara kake neman alawayyo da rana tsaka? Wa kake tsammani yake sayensa?" A nan na gane inda yadin mishan ke tafiya a bayan rumfuna. Mai yunwa ya sayar ya auni gero, mai gawa ya saya.

Na dawo hannu wofi, Malama ba ta shago. Can sai ga ta daga gidanta da wani farin yadi a ninke a hammata, dogo, mai kauri, ba ɗinki a tsakiyarsa. Na san shi. Shi suke shimfiɗawa a kan teburin ɗakin addu'arsu ran Lahadi.

"An wanke shi, an goge," ta ce. "Ɗauko allurarka."

A bayan kasuwa mun tarar da maza zaune a 'yar inuwar bukka. An farke buhunan hatsin taimako, an wanke, an shanya a kan kara, rubutun Turawa bai fita ba. Mata na bayan wani guntun zana, Goggo a cikinsu, ido a bushe. Malama ta miƙa yadin ga wani dattijo, malaminsu, ta koma wurin mata.

Likkafani ba a hawa keke da shi. Da hannu ake yi, a zaro zare daga jikin yadin, ɗinki mai faɗi, ba ƙulli. Na zauna a ƙasa na yi. Abin da ya rage na rigar da muka warware ya zama na ciki, yadin Malama ya zama na waje, na yage bakinsa na fitar da maɗauri. Babu aikin da ya fi shi sauƙi a duk sana'ar. A cikinsa aka rufe Buba kafin azahar, buhunan suka zauna a kan kara.

Amma kafin a shiga da likkafanin bukka, sai na ga duk safiyar nan ban faɗi wani abu na ilimi ba, ga mutane a zaune suna kallona. Na gyara zama, na matsa kusa da dattijon, na yi ƙasa da murya daidai yadda kowa zai ji.

"Allah gafarta malam, don dai a fita haƙƙi. Wannan yadi fa na teburin Kirista ne. Anya ya dace a sa Musulmi a ciki? Ba gara a nema a wurin Musulmi ba?"

Dattijon ya ɗago kai zai yi magana, bai samu ba. Daga bayan zana muryar Goggo Dija ta fito, ba tsawa, ba wasa.

"Tela, ai wurin Musulmin na fara zuwa."